Mutanen Bayan Labule

A bayan shagona na unguwar Nzeng-Ayong, a birnin Libreville, akwai wani ɗan sito inda nake jibge dilolin gwanjo. Ba shi da taga, sai 'yar tazara tsakanin bango da kwano, kullum yana warin ɗanshi da kafur. A can sama, inda sai na taka benci hannuna ke kaiwa, na kafa katako biyu, na rataya musu labule da wani tsohon zanen maiɗakina. Wanda ya leƙa zai zaci littattafai ne na ajiye don kada ruwa ya taɓa su. Mutane ne na roba a jere, irin waɗanda 'ya'yan Turawa ke wasa da su: sojoji, masu sulke, masu hular zuwa sama jannati, da wani ƙato mai fuskar dabba wanda har yau ban san ko mene ne ba.

A lokacin ina da gemu, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ba a cika rasa ni a sahun gaba a masallaci ba.

Na farkonsu a cikin dilar kayan yara na same shi, ya maƙale a hannun wata rigar sanyi. Tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba. Gwiwarsa na lanƙwasawa, kansa na juyawa, amma ba wannan ya kama ni ba. Da na kai shi bakin ƙofa wajen haske sai na ga takalminsa yana da igiya, an zana ta ɗauri bayan ɗauri, yatsunsa kuma har da 'yan layukan gaɓa. Wani mutum a wata ƙasa ya zauna ya yi wannan aikin a kan abin da yaro zai tauna ya jefar. Na sa shi a aljihu da niyyar kai wa ɗana. Da na shiga gida na tarar da yaron yana gwaguyar murfin kwano, yawu har ƙirji, sai na bar abin a aljihu. Washegari na koma da shi shago.

Daga nan idona ya buɗe. Ashe suna ko'ina. Matan da ke baza tarkacen gidajen Turawa a ƙasa a babbar kasuwa suna da su, cikin tsofaffin cokula da kwalaben turare da babu komai a ciki. In na tsuguna ina zaɓa, sai in riƙa ɗaga murya ina cewa na yarona ne, ko ba wanda ya tambaye ni. Yaran nawa ina saya musu ƙwallo da balan-balan, har keke mai ƙafa uku na taɓa kawo musu. Waɗannan dai ba su taɓa ganinsu ba.

Ruwan Libreville in ya tsuge ba mai fitowa sayen riga. A irin wannan lokacin nake tura ƙyaure ɗaya, in shiga sito, in hau benci. Ɗanshin garin har roba yake sa wa fumfuna, don haka ina da tsohon buroshin haƙori da nake bin su da shi ɗaya bayan ɗaya, cikin hammata da bayan gwiwa. In na gama sai in sake musu jeri. Yau masu sulke a gaba, gobe sojoji su kewaye ƙaton nan. Sai in sauko, in zauna a kan dila, in ɗaga kai ina kallonsu, ruwa na dukan kwano har ba ka jin motar da ke wucewa. Abin da nake ji a lokacin ban san sunansa ba. Na dai san in an ƙwanƙwasa ƙofa gabana faɗuwa yake yi kamar an kama ni da matar wani.

Maiɗakina ce ta fara ganowa, wajen neman zanenta. Gidanmu a bayan shagon yake, tsakar gida ɗaya. Na shigo na same ta a kan bencin, ta ɗage labulen da hannu ɗaya.

Ta ce, “Malam, waɗannan fa?”

Na ce, “Kaya ne.”

“Na sayarwa?”

Na duƙa ina gyara ɗaurin wata dila. Ta ƙara dubansu, ta dube ni, ta saki labulen ta gyara masa zama. Da ta sauko abin da ta ce kawai shi ne, “Don Allah kada matan unguwa su gani.” Ba ta sake ta da maganar ba. Da ta yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Sai shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ta zo. Mun kwana da kuɗi mun tashi da rabinsa. Duk abin da jirgi ke kawowa ya ninka, kuma a garin nan kusan komai jirgi ke kawowa, har albasa. Dila ta gagari da yawa daga cikinmu. Waɗanda suka saba sayen sabo suka dawo gwanjo, waɗanda suka saba sayen gwanjo suka koma wa tela da faci. A gida maiɗakina ta koma yin miya da busasshen kifi, nama sai ranar Juma'a.

Turawa ma suka fara tattara nasu. Kamfanoni na rage ma'aikata, gidaje na fitar da kaya. Wani ɗan garinmu da ke gadi a unguwar Okala ya aiko mini cewa maigidansa zai tafi, yana sayar da tufafi da takalma, in zo da wuri kafin 'yan kasuwa su ji. Na shiga taksi na tafi.

Baturen dogo ne mai sanƙo, ya girme ni nesa ba kusa ba. Kayan duk an baje su a baranda. Na zaɓi riguna da wanduna, muka daidaita. Ina ɗaure su sai na hango wani akwatin katako a gefe, murfinsa a buɗe. A ciki an shimfiɗa auduga, ga su nan kwance kowanne a gurbinsa, ba wanda ya rasa hannu ko makami. Ban san na tsaya ina kallo ba sai da na ji muryarsa a kaina.

Ya ce da Faransanci, “Kana so?”

Na ce, “Ina da yara.”

Ya yi ɗan murmushi, ya tsuguna, ya ɗauko ɗaya da yatsu biyu ta wajen ƙugu, yadda ni ma nake ɗaukarsu. Ya ce, “Waɗannan ba na yara ba ne. Nawa ne. Matata ta ce ba za su shiga jirgi tare da mu ba.” Ya danna wani maɓalli a bayan abin, hannunsa ya sauko da takobi, fat. Ya dube ni yana jiran in ce wani abu.

Karo na farko ke nan da na ga wani babba irina. Da zan iya, da na zauna a ƙasa kusa da shi na gaya masa maganar buroshin haƙori. Amma ɗan garinmu na tsaye a bakin get yana hangenmu. Sai na sake cewa, “Yarana za su ji daɗi.” Na ga fuskar Baturen ta canja, kamar wanda aka ce za a yanka masa dokinsa. Duk da haka ya rufe akwatin ya tura mini. Na mayar da rabin tufafin da na zaɓa don kuɗina su kai, na naɗe akwatin a cikin sauran. Ranar na wuce mahauta ban tsaya ba, ga shi kuwa Juma'a ce.

Shekara ta zagayo, aka shiga maganar takardu. Rediyo ya sanar cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama, wadda kowa ke kira sejur, ko ya yi ta ko ya bar ƙasar kafin wa'adi. Kuɗin yin ta kuwa ya fi ƙarfin mai tura baro da mai wankin takalmi. Jandarmomi suka cika mahaɗar hanyoyi, suna sauke mutane daga taksi, suna loda su a manyan motocin kaya. Ni ina da tawa. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya kawo ni garin ya kuma buɗe mini shagon, tun farko ya tsaya a kaina sai da na yi ta, kuma duk lokacin sabuntawa shi yake tuna mini. Mutum ne da ba ya son a ji kansa da hukuma, ba ya kuma son a ji kan nasa a bakin mutane. Shagonsa yana can unguwar Sotega, amma ba abin da ke faruwa a unguwarmu da ba ya kai masa.

A gefen shagona akwai wani dattijo mai shayi, mutumin Nijar, kowa Baba yake ce masa. Ya daɗe a garin fiye da yawancinmu, bai taɓa mallakar takarda ba, Faransancinsa kuma bai wuce na ƙirga canji ba. Wata safiya ina jera kaya sai na ji gudu da ihu daga bakin titi. Kafin in juya Baba ya faɗo shagon, ludayi a hannunsa, ya wuce ni ya shige sito. Na bi shi na tura shi bayan diloli, na jefa masa bargo.

Jandarma biyu suka shigo. Ɗaya ya karɓi takardata yana juya ta, ɗayan, wani matashi mai faɗin kafaɗa, ya tura ƙofar sito. Na bi bayansa. Ya shuri dila ɗaya, ya shuri ta biyu. Saura kaɗan ya kai ga bargon sai idonsa ya kai sama.

Ya ce, “Me ke bayan zanen can?”

Da ya tambaye ni ko akwai mutum a ɗakin, ina jin da na fi iya ƙarya. Ya ja benci ya hau, ya yaye labulen, ya tsaya. Can sai ya fashe da dariya, ya kira abokinsa. Suka riƙa ɗaukowa suna dubawa. Matashin ya gano maɓallin nan, ya yi ta danna shi, takobi na sauka, suna ƙyaƙyatawa. Ya ce ɗansa ya daɗe yana damunsa da irin wannan, amma tun da kuɗi ya lalace ko kusa da kantin ba ya bi da shi. Ya ɗaga wani mai jar alkyabba daga cikin na Baturen, ya ce, “Wannan na ɗana ne, ko?”

Na ce, “Na ɗanka ne.”

Ya sa shi a aljihu, ya dafa kafaɗata, suka fita suna hira. Bargon ko kallonsa ba su yi ba. Ina jin kunyar faɗa, amma abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne gurbin da aka bari a kan katakon. Sai daga baya na tuna da Baba.

Shi kuwa Baba takalma kawai ya gani ta ƙarƙashin bargo, ya kuma ji magana da harshen da ba ya ji. Ya ga takalman sun nufo shi, sun tsaya, sun juya. Da na yaye bargon ya miƙe, idonsa ya faɗa kan katakon nan, labule a buɗe, ƙananan mutane a jere da makamai suna fuskantar ƙofa. Ya daɗe yana kallo. Ya ja da baya, ya ce, “Ikon Allah.” Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza, ya fita ba tare da ya tambaye ni komai ba. Ni ma ban ce masa komai ba, don na ɗauka ya gane, kuma kara ce ta sa ya yi shiru.

Azumi ya shigo a cikin wannan hali. Na fara lura gaisuwar mutane ta sake. Waɗanda da suke ɗaga mini hannu daga nesa yanzu sai sun tsallako kwata sun zo sun rusuna. Kwanukan buɗa-baki suka riƙa shigo wa maiɗakina daga gidajen da ba mu taɓa musayar kwano da su ba. Wani mai gyaran takalmi ya roƙe ni in bar shi ya riƙa wuni a shagona, ba ya son komai, zama kawai. Maiɗakina ce ta kawo mini labarin dalla-dalla. Wai ina da mutane a ɗaki. Wai su suka rufe idon jandarma. Wai daga wajen wani Bature na karɓo su, shi ma daga wani tsibiri ya samo.

Duk wanda ya zo da maganar nakan ce masa, “Wallahi ba ni da komai.” Sai ya gyaɗa kai ya yi murmushi, don haka masu abin suke faɗa. Hanya ɗaya ce za ta kashe zancen, in kama hannun mutum in kai shi sito in nuna masa. Kullum sai in ce gobe.

Ranar da Kawu ya zo, tare da limamin masallacinmu ya zo, bayan la'asar. Liman mutumin Garwa ne, gajere, mai sanyin magana. Na shimfiɗa musu tabarma a shago, Kawu ya ce ba zama ya kawo su ba.

Ya ce, “Kai mu mu gani.”

Muka shiga sito mu uku, da ƙyar ya ɗauke mu. Na hau benci na zare labulen gaba ɗaya. Liman ya miƙo hannu, na sauko masa da ɗaya. Ya yi bisimilla ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya duba tafin ƙafarsa inda aka buga rubutun kamfani.

Ya ce, “Me kake ba su?”

“Ba na ba su komai, Malam.”

“Me kake karanta musu?”

“Ba komai.”

“To me kake yi da su?”

Na ce, “Ina goge su.”

“Sai me?”

“Sai in jera su.”

“Sai me?”

Na ce, “Sai in kalle su.”

Kawu ya yi gyaran murya. Na san shi, ƙofa yake nema mini. Ya ce, “Haja ce, Malam. Tarawa yake yi sai salla ta matso ya fitar. Ko ba haka ba?” Ya zuba mini ido. Da na ce e, da magana ta ƙare a nan, da kuma kafin salla sai na baza su a tebur yara na yamutsawa. Na sunkuyar da kai na ce ba na sayarwa ba ne.

Kawu ya ce, “To na yaransa ne. Ajiye musu yake yi.”

Liman ya girgiza kai yana shafa abin da babban yatsa. Ya ce, “Alhaji, ina da jikoki. Kayan yara ba sa zama haka. Dubi, ko sawun haƙori babu.” Yatsan nasa ya faɗa kan maɓalli, takobi ya sauko ya doki farcensa. Ya zabura, ya kusa yar da shi. Sai ya sake dannawa a hankali. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, ya juya ya fuskanci bango, yana ta ƙoƙarin mayar da dariyar tari.

Kawu bai yi dariya ba. Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ce, “Da ma tsafin ne. Da na sa ka tuba, na san abin da zan gaya wa uwarka. Wannan me zan ce mata?”

Da liman ya natsu ya goge idonsa, ya ce maganar kayan wasa ga yara malamai sun yi sauƙi a kai, amma ga mai gemu bai taɓa cin karo da tambayar ba, sai ya bincika. Abin da ya sani shi ne kada in yi salla a ɗakin da suke tsaye. Daga nan muryarsa ta sauka. Ya ce ba wannan ne ya taso shi da azumi a baki ba. An shirya jirgin ruwa da zai kwashi masu son komawa gida da kansu, ba duka ba ɗauri, kuma ana rubuta sunaye a masallaci. Baba mai shayi ya ƙi bayar da nasa, ya ce shi yana da mafaka. Wasu mutum biyu sun bi bayansa.

Ya ce, “In aka kama su, ka san inda ake kai mutane, ka kuma ji yadda ake fitowa. Ni na gaya musu, ba su ji ba. Sai sun gani da idonsu. Gobe bayan la'asar ka zo da su masallaci.”

Na ce, “Malam, ba za a kira su ukun nan su gani a nan ba?”

Ya ce, “Zancen ya wuce mutum uku.”

Washegari na kwashe su na zuba a kwalin madara. Maiɗakina na tsaye a ƙofar sito tana kallona. Ta ce, “Ka sa babbar rigarka.” Na sa. Daga shagona zuwa masallaci ba nisa, amma ban taɓa jin tsawon hanyar ba sai ranar. Na ajiye kwalin a wajen takalma, na yi sallar da ban san me na karanta a cikinta ba.

Da aka sallame liman ya ce kowa ya dakata a haraba. Ya yi gajeren bayani a kan dogaro ga Allah, sannan ya ce ɗan'uwanmu yana da abin da zai nuna. Na tsuguna a tsakiyar mutane na buɗe kwalin. Na farko da na ɗago, sahun gaba ya ja da baya. Na ce, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta, “Kayan wasan yara ne. Roba ce. Ba sa komai. Jandarman nan ɗaya ya karɓa ya kai wa ɗansa, shi ya sa ya fita.”

Wani daga baya ya ce, “To kai me kake yi da su?”

Liman ya amsa a madadina, “Kallonsu yake yi.”

Sai wani saurayi mai sayar da agogo ya miƙa hannu ya ɗauki ƙaton nan mai fuskar dabba, ya ɗaga masa hannuwa sama, ya yi gurnani. Harabar ta ɗauka. Mutanen da suka yi makonni ba su yi dariya ba suka riƙa riƙe ciki. Kayana suka bi hannu hannu, ana lanƙwasa su, ana karo da su, ana sa su ruku'u har sai da liman ya tsawatar. Wani ya ƙame ya sara mini ya ce, “Kwamanda!” Sunan ya bi ni daga ranar. Na hangi Kawu ya sa takalminsa ya fita ta ƙaramar ƙofa.

Baba yana zaune a gefe, ya jingina da ginshiƙi. Bai taɓa ko ɗaya ba, bai yi dariya ba. Da taro ya watse na bi ƙasa ina tsintar makamai da huluna cikin yashi, na ga ya tashi ya je wajen mai rubuta sunaye.

Ranar tafiyarsu da hantsi motar da za ta kai su tashar jirgi ta tsaya a bakin titi. Baba ya riga ya sayar da teburinsa da tukunyar shayin. Ya shigo shagona da 'yar jakarsa, ya leƙa waje, ya matso kusa da ni.

Ya ce, “Ɗana, na gane. Gaban mutane ba ka iya hwaɗi. Malam ma ya yi daidai.” Ya rage murya. “Ka ba ni guda. Ƙarami ma ya isa. Ruwa ne za mu shiga.”

Na ce, “Baba, wallahi tallahi roba ce. Abin da na faɗa a masallaci shi ne gaskiya.”

Ya gyaɗa kai yadda ake yi wa yaro, ya ci gaba da tsayuwa, tafin hannunsa a buɗe. Kwalin na nan ƙarƙashin tebur, ƙafata na taɓa shi. In na ba shi, na tabbatar masa da abin da aka tara jama'a don a rushe. In na hana shi, na hana dattijo abin da bai kai kuɗin kofin shayi ba a ranar da yake barin duk abin da ya sani. Na shiga sito na zaɓo wata jaket mai kauri, mafi kyau a dilar, na ce masa ana sanyi a teku. Ya karɓa, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya sa ta a kan rigarsa duk da zafin da ake yi.

Na raka shi bakin mota. Aka ja shi sama, ya sami wuri a kan wani buhu. Mota na tashi na ga ya zura hannu a aljihun jaket ɗin na dama, ya fito da shi, ya zura a na hagu, sannan ya buɗe ta yana laluben na ciki. Har suka sha kwana yana lalube.

Kawu bai sake cin abinci a gidana ba sai bayan babbar salla, kuma ko da ya dawo, sito bai ƙara leƙawa ba. Maiɗakina ta fi ni shan wahala. A wajen suna da biki mata kan tambaye ta ko an yaye Kwamanda, ita kuma ta yi murmushi ta ba su amsar da ba ta taɓa maimaita mini ba. Liman ya ce zai bincika hukuncin, amma duk lokacin da muka haɗu sai bakinsa ya fara motsi kamar mai danne dariya, ya yi saurin tambayata lafiyar yara.

Kwalin na mayar da shi sito, na tura shi bayan diloli. Wasu sun dawo ba hannu, wasu ba makami, ƙaton nan ƙafarsa ɗaya ta saki. Na yi niyyar zubar da su a kwata ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, har na ɗauko kwalin na kai bakin ƙofa. Na tsaya ina kallon ruwan yana wucewa da leda da ɓawon ayaba, sai wani mai taksi ya rage gudu ya ɗaga mini hannu, ya ƙwala mini sabon sunana. Na ɗaga masa hannu, na koma ciki da kwalin.